Tari Ya Daɗe, Fitsari Na Kufcewa: Matakan Da Mace Za Ta Bi

Da zarar hunturu ya kama a Maraɗi, hazo ya rufe gari, tambayar nan takan dawo mini. Ba a yin ta a gaban mutane. Sai an tashi daga awon ciki, ko an watse daga gidan suna, wata ta riƙe mini gefen hijabi ta ce, "Madam, tsaya in gaya miki wata magana." Ta duba hagu da dama, sannan ta rage murya: "Ni hwa in tarin nan ya taso min, sai in ji na jiƙe." Wasu kuma saƙon murya suke aiko mini da dare, su ce ƙawarsu ce ke fama. Tambayar ta yi yawa, shi ya sa na zauna na jera amsar, abin da za a fara da shi da abin da zai biyo baya.

Wadda ta fi tsaya mini a rai wata dattijuwa ce mai sana'ar ƙuli-ƙuli, ta daɗe a bakin murhu. Da na ce ta hau gado in duba ta, sai ta kwance zane, ƙarƙashinsa wani zanen, ƙarƙashin wannan kuma tsohuwar atamfa ninki huɗu ɗaure da igiya a ƙugu. Cinyoyinta duk sun yi ja sun ɗaye. Ta ce rabonta da zuwa tafsiri shekara biyu, in ta je buki bakin ƙofa take zama, kuma ba ta kai ruwa baki daga asuba sai azahar. Ko ɗiyarta ba ta sani ba. Ta ɗauka tsufa ne da haihuwa tara, sai haƙuri.

Ki ɗauki mafitsara kamar ƙwarya ce a kan ragaya. Ragayar ita ce tsokar da ke shimfiɗe a ƙasan mara, daga ƙashin gaba zuwa ƙashin baya, ita ke ɗauke da mafitsara da mahaifa da hanji, ita ke tsuke bakin hanyar fitsari. Ciki da haihuwa da shekaru suna sassauta ta. Kowane tari kuwa danna ƙwaryar yake yi ƙasa da ƙarfi, kuma mai tari na wata da watanni tana yin haka sau ba adadi a yini. To aiki biyu ne a gabanki: a rage dannawar, a ɗaure ragayar. Wadda ta kama ɗaya ta bar ɗaya ita ce ke dawowa ta ce mini babu abin da ya canja.

Abin da za ki tanada

Kaye, wato littafin rubutu, da bik. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi. Ɗan littafinki na likita (karne) idan kina da shi, da duk wani magani da kike sha, har na gargajiya, ki zuba su leda guda. Ƙyallen auduga mai tsabta ko audugar mata, da basilin.

Maganar kuɗi: atisayen da zan koya miki ko dala ba ya ci. Maganin tarin fuka kyauta ne a likitocin gwamnatin Nijar. Inda za ki taɓa aljihu shi ne ganin likita, gwajin fitsari, hoton ƙirji idan an rubuta, da kuɗin kabu-kabu ko adaidaita. Tun Satumbar 2024 an rage farashin ayyukan likitocin gwamnati da rabi, saboda haka ki biya a wurin karɓar kuɗi, ki amshi takardarki. A farmasi kuma ki tambaya ko akwai jenerik na abin da aka rubuta miki, wato maganin iri ɗaya amma ba da sunan kamfani ba, shi ya fi sauƙin kuɗi.

1. Kwana uku kina lura da kanki

Kafin ki je ko'ina, ki yi kwana uku kina rubuta abu huɗu: lokacin da kika je fitsari, lokacin da ya kufce da abin da kike yi a sa'ar, yawansa (ɗigo ne, ya jiƙa wando, ko ya kai zane), da abin da kika sha. Wadda ba ta rubutu ta samu gwangwani biyu. Duk fitsarin da ta je da kanta ta jefa tsakuwa a ɗaya, duk wanda ya kufce ta jefa ƙwayar wake a ɗayan, da dare a ƙirga.

Idan sai kin yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko kin ɗaga bokiti yake zubowa, ragaya ce ta saki, kuma ke ce ainihin wadda nake wa magana. Idan kuma matsuwa ce ke taso miki farat ɗaya, ko kin ji ƙarar famfo, ko kin taɓa ruwan sanyi wajen alwala, kafin ki kai makewayi ya zubo, to mafitsarar ce ke matsewa tun lokaci bai yi ba. Mata da yawa suna da duka biyun a haɗe.

Hattara: idan fitsari yana zuba dare da rana ba tsayawa, kina kwance ko kina tsaye, ba ki ma jin fitowarsa, kuma ya fara ne bayan doguwar naƙuda ko bayan an yi miki aiki, wannan yoyon fitsari ne. Huda ce tsakanin mafitsara da gaba, atisaye ba ya rufe ta, ɗinki take so. Ana yin aikin a cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Maraɗi, da kuma Danja, kudu da gari a kan hanyar Ɗan Isa, inda aka buɗe sashen masu yoyon fitsari a 2012. Haka nan idan mara ta kumbura, fitsari ya ƙi fita sai ɗiga, ko ƙafafu sun yi sanyi ba ƙarfi, ko wajen zama ya mutu ba ki jin taɓawa, yau ɗin nan za ki tafi likita.

2. Kai tarin likita

Nan ne mata suka fi yin sake, domin mun ɗauki tari ba ciwo ba. Tarin da ya wuce mako biyu ana gwada shi saboda tarin fuka. Wanda ya wuce mako takwas kuwa ya zama daɗaɗɗe, yana da dalili, kuma sai an gano dalilin yake tafiya. Ki fara da CSI, wato ƙaramar likita ta unguwarku.

In kin zauna gaban likita ko majo, ki faɗi abu biyun tare, kada ki bar na biyun a bakin ƙofa: "Wata kaza ina tari, kuma in na yi fitsari yana zubo mini." Ba za ki zama ta farko da ta faɗa masa haka ba. Idan nauyin namiji kike ji, ki ce a haɗa ki da sajfam, wato ungozomar likita. Sannan ki gaya masa ko tarin busasshe ne ko mai kaki, ko ya fi tsananta da dare, ko ƙirji na yin fito, ko kina zufar dare, ko kin rame, ko akwai mai tari a gidan. Ki juye masa ledar magungunan a kan tebur.

Idan an ba ki kwalbar kaki, ga yadda ake yi. Da sassafe kafin ki ci komai, ki kuskure baki da ruwa zalla, ki fita tsakar gida inda iska ke kaɗawa, nesa da yara. Ki ja numfashi mai zurfi sau uku, ki yi tari daga can cikin ƙirji, ki tofa a kwalbar, ki rufe gam, ki kai da wuri. Yawu ba kaki ba ne. Wadda ta kai yawu za a ce mata ba a ga komai ba, alhali ciwon yana nan.

Idan tarin fuka ne, maganin wata shida ne: wata biyu na farko magani huɗu a haɗe, wata huɗu na baya magani biyu. Tarin yakan lafa tun a makonnin farko, daga nan ne mutane ke ajiye magani, kuma daga nan ciwon ke dawowa da taurin kai. Ki shanye shi har ranar da aka sallame ki.

Hattara: ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, rifamfisin, yana mayar da fitsari ja-ja kamar ruwan lemo. Ba jini ba ne, amma yana rina ƙyalle da zane. Yana kuma rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar da ake sa wa a hannu, don haka ki sanar da sajfam ta canja miki hanya.

Akwai wani dalili da nake so kowace mai hawan jini ta sani. Kaftofril, enalafril da danginsu, waɗanda sunansu a kwali ke ƙarewa da "pril", suna sa wasu mutane busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro, kuma ya fi kama mata. Ƙanwar mahaifiyata ta yi wata biyar da irin wannan tarin. Inda aka rubuta mata maganin ba wanda ya gaya mata zai iya jawo haka. Mun sayi siro ya fi kala biyar, an dafa citta da kanumfari, an sha zuma, Inna tana ta wankin zannuwa a ɓoye. Ranar da na je na tarar tana shanya su a bayan ɗaki inda ba mai gani, na ce, "Inna, kawo mini ƙwayoyinki in gani." Har yau abin yana ci mini rai, da na tambaya tun watan farko da ba ta sha wannan wahalar ba. Da likita ya canja mata magani, cikin ƴan makonni tarin ya ɗauke. Yawanci mako ɗaya zuwa huɗu yake ɗauka, wani lokaci har wata uku.

Hattara: kada ki daina maganin hawan jini da kanki. Canja shi ake yi, kuma likita ne ke canjawa.

Sauran dalilan da aka fi samu su ne asma, ƙwarnafi mai hawowa maƙogwaro, da majinar hanci mai gangarawa baya. Idan asma ce aka rubuta miki abin shaƙa, ki karɓa. Maganar da ake yi cewa wanda ya fara shaƙa ba ya rabuwa da shi ta hana mata da yawa barci a banza. Iri biyu ne: mai buɗe ƙirji nan take, irin su Ventoline, da na kullum mai hana tashin ciwon, wanda ake kuskure baki bayan an shaƙa. Idan ƙwarnafi ne, ki ci tuwon dare da wuri, ki bar awa uku tsakaninsa da kwanciya, ki rage yaji da maiƙo, ki ɗaga wajen kan gado.

Hattara: siron tari mai kodin yana busar da ciki ya kawo taurin bayan gida, wanda ke ƙara lalata ragayar, kuma yana kama mutum. Ƙwayoyin da ake yawo da su a faranti cikin rana ma ki bar su. Jini a cikin kaki, zazzaɓin da ya ƙi sauka, ko numfashi na yankewa, waɗannan ba sa jiran gobe.

3. A gwada fitsarin, sajfam ta duba ki

A wannan zuwan ki nemi a gwada fitsari. Ciwon sanyi na mafitsara yana ƙara zubar, yana sa zafi da yawan zuwa, kuma maganin ƴan kwanaki ne. Ki yi tsarki da ruwa, ki bar na farkon ya zuba, ki tari na tsakiya. Idan kina yawan ƙishirwa da tashin dare, a gwada suga. Idan kina shan maganin da ke sa fitsari saboda kumburi ko hawan jini, irin su Lasilix, ki faɗa, a tsara miki lokacin shansa.

Sajfam za ta sa ki yi tari tana kallo, ta ga ko yana fitowa, ta kuma duba ko mahaifa ko mafitsara ta zazzago. Idan kina jin nauyi a gaba kamar wani abu zai faɗo, musamman da yamma, ki gaya mata. Kafin ki sauka daga gadon ki roƙe ta abu ɗaya: ta sa yatsa, ki matse, ta gaya miki ko daidai kike yi. Minti biyun nan sun fi duk bayanin da zan rubuta a mataki na 5.

Jini a fitsari, in ba al'ada kike ba, sai an bincika ko da ba ya ciwo.

4. Rage hayaƙi da ƙura

Maganin likita ba zai ci ba matuƙar abin da ke tayar da tarin yana nan. Ki fito da murhu fili, ki zauna ta inda iska ke fitowa don hayaƙin ya yi gaba. Ɗanyen itace da jiƙaƙƙen kara sun fi hayaƙi, leda da roba kuwa kada a hura wuta da su sam. In da hali, gas ya fi. Ki yayyafa ruwa kafin shara. Ranar sussuka da shiƙa, da ranar da hazo ya yi kauri, ki rufe hanci da baki.

Turaren wuta fa? Na san ba ƙaramin abu nake nema ba, domin macen da ke tsoron wari ita ta fi kowa riƙe kasko. Amma tsugunawa kan kasko a rufaffen ɗaki hayaƙi ne kai tsaye zuwa huhu. Ki turara kayan a waje, ki bari hayaƙin ya wuce sannan ki sa. Maganin sauro mai hayaƙi ma ki musanya shi da gidan sauro. Maigida mai shan taba ya sha a waje.

Dattijuwar nan mai ƙuli-ƙuli asma aka samu. Ba ta bar sana'arta ba, da me za ta ci? Rumfa aka yi mata a tsakar gida, jikarta ta karɓi suya, ita ta koma murzawa da lissafi.

5. Nemo tsokar

Ki yi fitsari tukuna. Ki kwanta rigingine a kan tabarma, ki lanƙwasa gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ki ɗan buɗe su. Ki saki ciki, ki saki kafaɗu. Yanzu ki yi kamar kina cikin taro iska tana so ta kufce miki kina riƙewa. Ki ƙara da kamar kina tsayar da fitsari. Sai ki ja duka biyun ciki, zuwa sama, kamar yadda ake zuge bakin jaka. Ki saki, ki tabbata kin ji sakin.

Don ki tabbatar, ki wanke hannu, ki sa yatsa ɗaya a gaba, ki matse. In kin ji an kama yatsan ana jan sa ciki, ko da kaɗan ne, kin samu. Idan kuwa tura shi waje ake yi, yunƙuri kike yi irin na haihuwa, wanda shi ne kishiyar abin da ake so. Ki tsaya, ki huta, ki sake.

Kurakuran da nake gani kullum: a riƙe numfashi har fuska ta ɗaure, a matse ɗuwawu har jiki ya ɗaga daga tabarma, a haɗe cinyoyi, ko a shanye ciki. Ki ɗora hannu ɗaya a ciki, ki riƙa ƙirga a bayyane. Mai ƙirga da baki ba ta iya riƙe numfashi. Wanda ke zaune kusa da ke bai kamata ya gane kina yin komai ba.

Hattara: kada ki mayar da tsayar da fitsari yana cikin zuba ya zama atisayenki. Sau ɗaya don gane wurin ya isa. Yawan yin haka yana hana mafitsara juyewa duka, ragowar kuma ta jawo ciwon sanyi.

6. Atisayen wata uku

Sau uku a yini, kuma hanyar da ba a mantawa ita ce a ɗaura shi da salla: bayan asuba, bayan la'asar, bayan isha'i. Kowane zama ki yi matsi mai tsawo sau 8 zuwa 10, sannan gajere sau 10, wato matse ki saki nan take.

A mako biyun farko ki yi a kwance, ki riƙe daƙiƙa 3, ki huta daƙiƙa 5. Idan a na biyar tsokar ta gaji ta saki da kanta, nan ƙarfinki ya tsaya yau, ki tsaya. Biyar masu kyau sun fi ashirin na jeka-na-yi-ka. Duk mako ki ƙara daƙiƙa ɗaya har ki kai 10, hutun ma ya kai 10. Daga mako na uku ki koma yi a zaune. Daga na biyar ko na shida ki fara yi a tsaye, domin a tsaye fitsarin ke kufcewa, kuma a nan ne ya fi wuya.

Kada ki sa ran ganin komai a makon farko ko na biyu. Yawanci sai wajen mako shida ake fara jin bambanci, cikakken hukunci kuma sai an cika wata uku. A mako na uku ne mata ke karaya, su ce wannan abin wasa ne. Ki sa alama a kaye duk zaman da kika yi, ko ki samu wata da kika yarda da ita ku riƙa tuna wa juna. Mai ciki tana iya yi, mai jego ma haka da zarar ciwon haihuwa ya lafa, kuma shekaru ba su hana tsoka ƙarfi.

Hattara: maganin matsi ba ya cikin wannan aikin. Alif, kanwa, ƙulle-ƙullen da ake cusawa, duk fatar ciki suke busarwa su ƙona, mace ta ji kamar ta tsuke, alhali tsokar tana nan yadda take. Na ga waɗanda suka zo da gyambo saboda haka. Idan kuma atisayen yana sa ki ciwo, ki dakata ki koma wurin sajfam.

7. Matse kafin tarin ya fito

Wannan shi ke ba da sauƙi tun kafin tsokar ta yi ƙarfi. Tari yana ba da sanarwa, ƙaiƙayin nan na maƙogwaro. Da kin ji shi, ki matse ƙasa tukuna, ki riƙe, sannan ki yi tarin, ki saki bayan ya wuce. Idan mai jerowa ne, ki zauna in da wuri, ko ki harɗe ƙafafu, ki sake matsewa tsakanin kowane biyu. Ki riƙa gwadawa da tarin ganganci sau biyu bayan kowane atisaye, har jiki ya saba yi da kansa.

Haka za ki yi kafin atishawa, kafin ki miƙe daga tabarma, kafin ki goya yaro, kafin ki ɗaga taɓarya. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce. A raba ta biyu, ko yara su kama miki. Kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan da haɗiyar yawu ma suna kwantar da busasshen tari tun yana ƙaiƙayi.

8. Ruwa, shayi, goro da bayan gida

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ƙin shan ruwa. Fitsarin sai ya yi kauri ya yi ja, ya riƙa cizon mafitsara, warinsa ya ƙaru, kaki ya daskare a ƙirji, bayan gida ya yi tauri. Ki cika gorar nan da safe, ki shanye ta kafin isha'i, kurɓi-kurɓi. A bazara, watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, gora ɗaya ba ta isa. Ma'auninki launin fitsari: in ya yi fari-fari, ruwan ya isa. Ki tsagaita awa biyu kafin barci. Da azumi ki rarraba shi tsakanin buɗa-baki da sahur, kada ki ɗura shi lokaci guda. Wadda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda ta bi maganarsa.

Shayi mai kauri, Nescafé, lemon kwalba baƙi da goro duk suna zuga mafitsara. Hajiyoyinmu, na san goro abokin hira ne. Ki rage rabi na mako biyu ki duba kayenki, shi zai gaya miki gaskiya.

Yunƙurin bayan gida dannawa ce irin ta tari. Zogale, rama, kuɓewa, wake, gwanda da mangwaro suna sassauta ciki. Ki je da zarar kin ji, kada ki zauna kina nishi. Mai ƙiba kuma, ko kilo biyar ta sauke za ta ji a jikinta.

Wadda ke da irin matsuwar nan ta farat ɗaya ta daina fitsarin ko-ta-kwana. In ta taso, ki tsaya cak, ki matse gajere sau biyar, ki bari ta lafa, sannan ki taka a hankali. Duk mako ki ƙara minti 15 tsakanin zuwa da zuwa, har ki kai wajen awa uku. Wannan horon yana son aƙalla mako shida.

9. Fata, tufafi da salla

Kafin sauƙi ya samu, ki tsare fatarki. Ƙyallen auduga, a canja da zarar ya jiƙe, a wanke da sabulu, a shanya a rana sosai. Ruwa zalla ya isa tsarki, ki tsane wurin, ki shafa basilin a matsematsi. Kada ki naɗa leda, kada ki zuba turare ko hoda a wurin. Audugar al'ada tana ɗaukar ɗigo, amma ba a yi ta don fitsari mai yawa ba. Akwai wadda aka yi don shi, ki tambaya a farmasi, ki ajiye ta don ranar tafiya ko buki saboda tsadarta.

Abin da ya fi sa mata kuka a gabana shi ne salla. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan wannan, suna kiran sa salisul bauli, kuma akwai sauƙi ga mai shi a alwala da tufafi, gwargwadon yawan lokacin da zubar ke ɗauka a yini. Ki kai wa malamarku lissafin kwana ukun nan ta gaya miki hukuncin da ya dace da ke. A aikace kuma: ki yi fitsari dab da alwala, ki sa sabon ƙyalle, ki ware zanen salla, ki matse kafin ruku'u da lokacin tasowa daga sujada.

10. Bayan wata uku

Ki sake lissafin kwana uku, ki ajiye shi kusa da na farko. Idan waken ya ragu, ki ci gaba da atisaye ko sau ɗaya a yini, domin tsokar da aka bari komawa take yi. Duk hunturu, ko duk lokacin da mura ta kama ki, ki koma sau uku.

Idan tarin yana nan, ki koma a sake bincike, wataƙila da hoton ƙirji. Idan tarin ya tafi, kin yi atisayen da gaske, amma zubar ba ta ragu ba, ki nemi takardar turawa zuwa likitan mata a cibiyar uwa da yaro ko babban asibitin Maraɗi, ki tafi da kayenki. Abin da ake iya yi ya danganta da abin da aka gani: zoben roba da ake sawa ya tallafi mahaifar da ta zazzago, man shafawa na ciki ga wadda al'ada ta ɗauke mata, ƙwayoyi ga mai matsuwar farat ɗaya, ko aiki.

Hattara: idan an kawo maganar aiki, ki gaya wa likita ko har yanzu kina tari, domin tari mai ƙarfi yana iya warware gyaran. Ki kuma gaya masa ko kina da niyyar sake haihuwa, saboda yawanci sai mace ta gama ake yin sa. Ki tambayi kuɗinsa gaba ɗaya, da kwanakin da za ki yi a kwance, da tsawon lokacin da za ki bar daka da ɗaukar ruwa, don ki san wadda za ta riƙe miki gida kafin a sa rana.